Jalaluddin Suyuɗi (1445–1505): Malamin Jalalaini da Kundinsa na Girgizar Ƙasa

Tsakure

Wannan muƙala ta bibiyi rayuwar Jalaluddin Abdurrahman Suyuɗi, malamin Alƙahira wanda littattafansa suka zama ginshiƙin karatun zaure a ƙasar Hausa. An dubi rayuwar tasa ne ta fuskar wani ƙaramin littafinsa da ba a cika ambatawa a makarantunmu ba, wato Kashfus Salsala an Wasfiz Zalzala. Muƙalar ta nuna cewa bayanin da ya kawo game da musabbabin girgizar ƙasa ya saɓa da abin da kimiyya ta tabbatar daga baya, amma tarbiyyarsa ta malamin hadisi, wadda ta sa ya riƙa ƙididdige shekara da gari da irin ɓarna, ita ta mayar da littafin abin dogaro ga masana duwatsu. Daga nan aka waiwayi yankin Talatar Mafara da Bakura da Maradun don ganin abin da irin wannan aiki zai iya amfanarwa.

1.0 Gabatarwa

A Talatar Mafara da Bakura da Maradun, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, idan watan azumi ya kama aka zauna tafsiri, littafin da aka fi buɗewa a gaban malami shi ne Tafsirul Jalalaini. Kowane ɗalibin ilimi ya san cewa Jalalu biyu ne suka rubuta shi, Mahalli da Suyuɗi, kuma sunan na biyun ya shiga bakin Hausawa har ana raɗa wa yara shi. Kaɗan ne suka san cewa wannan malami ya shaidi girgizar ƙasa da idonsa a Alƙahira, kuma ya zauna ya tattara tarihin girgizar ƙasa a duniyar Musulmi na tsawon ƙarni takwas. A Turai kuwa akwai masana duwatsu da ba su taɓa buɗe Jalalaini ba, amma sun san Suyuɗi ta wannan littafi kaɗai.

2.0 Tasowarsa da Karatunsa

An haifi Suyuɗi a Alƙahira a farkon watan Rajab na shekarar 849 B.H. (Oktoba 1445), a zamanin daular Mamaliku. Asalin gidansu garin Asyuɗ ne a kudancin Masar, daga nan laƙabin ya samo tushe. Mahaifinsa, Kamaluddin Abubakar, malamin fiƙihun Shafi'iyya ne da ke karantarwa a masallacin Shaikhu, kuma ya rasu a 855 B.H. (1451) yaron bai cika shekara shida ba. Abokan mahaifin ne suka riƙe shi, cikinsu har da Kamaluddin Ibnul Humam, fitaccen malamin Hanafiyya. Ya haddace Alƙur'ani kafin ya kai shekara takwas.

Ya yi fiƙihu a wurin Alamuddin Bulƙini da Sharafuddin Munawi, ya yi hadisi da Larabci a wurin Taƙiyuddin Shumunni, ya kuma lazimci Muhyiddin Kafiyaji shekara 14. A cikin waɗanda ya karɓi ijazar hadisi daga gare su akwai mata masu yawa. Ya yi aikin hajji a 869 B.H., kuma a shekarar da ta biyo baya, yana ɗan shekara 21, ya kammala tafsirin da Mahalli ya rasu ya bari. Mahalli ya rubuta daga Suratul Kahfi zuwa ƙarshe tare da Fatiha, shi kuma Suyuɗi ya cike daga Baƙara zuwa Isra'i cikin kwana 40.

Akwai abubuwa biyu a tarihin karatunsa da suka shafi batun wannan muƙala kai tsaye. Na farko, shi da kansa ya lissafa fannoni bakwai da ya ce ya yi zurfi a cikinsu: tafsiri, hadisi, fiƙihu, nahawu, da rassa uku na balaga. Babu lissafi a ciki, hasali ma ya bayyana a Husnul Muhadara cewa lissafi ne fannin da ya fi yi masa nauyi. Na biyu, ya ɗanɗani manɗiƙi yana matashi ya ƙyamace shi, har ya rubuta littafi kan haramcin shagaltuwa da shi. Wannan ne ya haɗa shi muhawara a rubuce da Muhammad bn Abdulkarim Magili, baƙon Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya kare manɗiƙi. Mutum ne, ke nan, da ilimi a wurinsa yake nufin abin da aka naƙalto da isnadi. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan don fahimtar littafinsa na girgizar ƙasa, da ƙarfinsa da rauninsa.

Ba mai sauƙin hali ba ne ga tsararrakinsa. Ya yi da'awar kai wa matsayin ijtihadi, ya kuma bayyana fatan zama mujaddadin ƙarni na tara. Shamsuddin Sakhawi ya zarge shi da kwasar littattafan magabata daga ɗakin karatu na Mahmudiyya yana sauya musu fasali ya sa sunansa, shi kuma ya mayar da martani mai zafi. Zargin yana da kama da gaskiya ta wani ɓangare, domin mafi yawan littattafansa, waɗanda suka haura 500, tattarawa ce da tsarawa. Sai dai ta wannan tattarawa ce littattafai da yawa da suka ɓace suka tsira a cikin Al-Itƙan da Al-Muzhir da makamantansu.

3.0 Suyuɗi da Ƙasar Takruru

Yayin da malaman Alƙahira ke sukarsa, alhazan Afirka ta Yamma, waɗanda Misirawa ke kira mutanen Takruru, sun mayar da gidansa zango. A 889 B.H. (1484) wani sarki daga Takruru, wanda masana tarihi ke ɗauka Mai Ali Gaji na Barno ne, ya ziyarce shi a kan hanyar hajji. Ahmad bn Umar Aƙit, kakan Ahmad Baba na Tambutu, ya sadu da shi a hajjinsa na 890 B.H., daga baya kuma ya karantar a Kano. Askiya Muhammad na Songai ma ya gana da shi a Alƙahira a tafiyarsa ta hajji ta 1496 zuwa 1498. A 898 B.H. (1493) wani malami mai suna Muhammad Lamtuni ya aiko masa da dogon jerin tambayoyi kan al'adun mutanen yankin, amsoshin kuma suna cikin Al-Hawi lil Fatawi. John Hunwick ya yi nazarin wannan takarda a 1970. Haka nan ya rubuta wasiƙa ga sarakunan Takruru, ya ambaci Sarkin Agadas Muhammad bn Sattafan da Sarkin Katsina Ibrahim da sunayensu, ya hore su da adalci, ya kuma yi tir da labarin da ya iske shi cewa a Gobir ana yanka bawa don fansar maras lafiya.

Ya zo ƙasar Hausa da ƙafarsa? Ruwayoyin baka sun ce ya zo, kuma akwai jimla a Husnul Muhadara da ake kafa hujja da ita. Elizabeth Sartain, wadda ta wallafa tarihin rayuwarsa a 1975, ta nuna cewa aikatau ɗin da ke cikin jimlar, idan babu wasali, ana iya karanta shi da ma'anar shi ne ya yi tafiyar, ko kuma littattafansa ne suka yi ta. Karatu na biyu ya fi dacewa da sauran abin da aka sani na rayuwarsa, domin ya rubuta tarihin kansa dalla-dalla ba tare da bayar da labarin irin wannan doguwar tafiya ba.

Littattafan kuwa sun iso, kuma sun yi saiwa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kawo waccan wasiƙa a Tanbihul Ikhwan, kuma ya dogara da Suyuɗi a bahasin mujaddadi da na alamomin tashin ƙiyama. Abdullahi Ɗanfodiyo ya waƙe Al-Itƙan a Miftahut Tafsir, ya kuma gina Al-Bahrul Muhiɗ a kan littafin Suyuɗi na nahawu. Shekarun nan kimanin biyar da Shehu ya yi yana wa'azi a Zamfara a wajejen 1786 zuwa 1791, inda tarihi ya ambaci zamansa a Faru ta ƙasar Maradun a yau, shekaru ne da wannan manhaja ta ƙara kafuwa a yankin.

4.0 Girgizar 886 da Littafin Kashfus Salsala

Ranar Lahadi 17 ga Muharram 886 B.H. (18 ga Maris 1481), bayan sallar la'asar, ƙasa ta girgiza a Alƙahira. Wani ɓangaren gini ya faɗo daga saman makarantar Salihiyya, ya faɗa wa Alƙalin Alƙalan Hanafiyya, Sharafuddin Ibnu Id, ya rasu. Suyuɗi yana da shekara 36 a lissafin Hijira, yana karantar da hadisi a Shaikhuniyya, kuma ya rubuta labarin a matsayin wanda ya shaida. Tushen girgizar yana can nesa a gabashin Bahar Rum, a shekarar da tsibirin Rodos ya sha girgiza a jere.

Alƙahira dama tana ɗauke da tabon wata da ta fi wannan. A 23 ga Zulhajji 702 B.H. (8 ga Agusta 1303) girgizar da ta taso daga wajen tsibirin Kirit ta rusa hasumiyoyi, ta lalata masallacin Azhar da na Hakim da na Amru bn As, ta illata shahararriyar hasumiyar fitila ta Iskandariyya, teku kuma ya yi ambaliya a gaɓar birnin. Amirin da ya gyara masallacin Hakim bayan wannan ɓarna, Baibaras Jashankir, shi ne ya gina zawiyar Baibarsiyya wadda aka naɗa Suyuɗi shugabanta a 891 B.H. (1486).

Littafin Kashfus Salsala ƙarami ne, kuma ana iya raba shi gida uku. Kashi na farko ya tattauna haƙiƙanin girgiza da dalilinta. A nan Suyuɗi ya kawo ruwayar da ake danganawa ga Ibnu Abbas game da Dutsen Ƙaf, wanda aka ce ya kewaye duniya kuma jijiyoyinsa sun ratsa ƙarƙashin kowace ƙasa, idan Allah ya nufi girgiza wani gari sai a motsa jijiyar da ke ƙarƙashinsa. Da wannan ruwaya ya yi watsi da ra'ayin masana falsafa, wanda ya faro daga Aristotal ya biyo ta kan Ibnu Sina, cewa tururi ne ke taruwa a cikin ƙasa, idan ya rasa mafita sai ya girgiza ta. Kashi na biyu fiƙihu ne da wa'azi: girgiza a matsayin aya da gargaɗi, da abin da ya kamata a yi na salla da addu'a da sadaka. Kashi na uku, wanda ya fi tsawo, jeri ne na girgizar ƙasa fiye da ɗari, shekara bayan shekara, har zuwa 905 B.H., daga Andalus zuwa Khurasan.

Yana da kyau a lura cewa matsayin Suyuɗi a kashi na farko ba shi ne kaɗai matsayin malaman Sunna ba. Ibnu Kasir, a tafsirin Suratu Ƙaf, ya sanya labaran Dutsen Ƙaf cikin Isra'iliyyat. Ibnu Taimiyya kuma ya ga cewa kasancewar girgiza aya ce ba ta hana ta samun sababi na zahiri, har ya ambaci matsewar tururi a cikin sabuban. Akwai masu rubutu a yau da ke cewa jijiyoyin Ƙaf su ne tsagogin duwatsun da kimiyya ta gano. Wannan tawili ne da ba ya yi wa ruwayar adalci, ba ya yi wa kimiyyar. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne ruwayar ta yi ƙoƙarin amsa tambaya mai kyau, wato me ya sa wani gari ke girgiza maƙwabcinsa na zaune lafiya, kuma me ya sa garuruwa iri ɗaya ke ta maimaituwa a jerin.

5.0 Yadda Ƙasa ke Girgiza

Amsar wannan tambaya ba ta samu ba sai bayan shekara 400 da rasuwarsa. Ɓawon duniya, tare da sashen dutse mai tauri da ke ƙarƙashinsa, kaurinsa ya kai kimanin kilomita 100, kuma ba dunƙule yake wuri ɗaya ba. Ya rarrabu zuwa manyan faya-fayai bakwai da wasu ƙanana, suna zaune a kan dutse mai tsananin zafi wanda ke malala a hankali tsawon dubban shekaru. Faya-fayan suna tafiya ’yan santimita a shekara, gwargwadon tsirar farce. Alfred Wegener ya kawo ra'ayin tafiyar nahiyoyi a 1912, aka yi masa dariya, sai a shekarun 1960 binciken ƙarƙashin teku ya tabbatar da tushen maganarsa.

Inda faifai biyu suka haɗu akwai tsaga a jikin dutse. Gefunan tsagar ba sa zamewa salin-alin, gogayya takan riƙe su su cije. Faya-fayan kuwa ba su daina tafiya ba, don haka dutsen da ke kusa da tsagar sai ya riƙa lanƙwasa yana tara ƙarfi, kamar bakan maharbi da ake jan tsirkiyarsa. Ranar da ƙarfin ya rinjayi gogayyar, gefunan su suɓuce cikin daƙiƙoƙi, dutsen ya miƙe, ƙarfin da aka tara ya bazu ta ko'ina. Harry Reid ne ya fayyace wannan a 1910, bayan ya auna yadda ƙasa ta goce a girgizar San Faransisko ta 1906. Lissafin mai sauƙi ne: tsagar da ake turawa santimita 1 a shekara, idan ta cije shekara 500, ta tara zamewar mita 5 da za ta biya a lokaci guda.

Ƙarfin yana tafiya ne a matsayin igiyoyin motsi. Ta farko tana matsa dutse tana sakinsa, tana gudun kimanin kilomita 6 a daƙiƙa. Ta biyu tana kaɗa shi gefe da gefe, gudunta bai kai kilomita 4 ba. Sannan masu bin doron ƙasa su zo daga baya, su ne suka fi rusa gini. Tazarar lokaci tsakanin isowar ta farko da ta biyu ita ke nuna nisan tushen girgizar, kuma da tashoshi uku ake gane wurin. A ma'aunin da Charles Richter ya ƙirƙiro a 1935, da waɗanda suka gaje shi, ƙarin maki ɗaya yana nufin ƙarfin da ya fita ya ninka kusan sau 32. Ƙasa mai laushi, irin lakar da kogin Nilu ya shimfiɗa, tana ƙara wa kaɗawar tsanani, shi ya sa girgizar da ta tashi a Kirit ta iya karya hasumiya a Alƙahira.

Da wannan bayani, jerin Suyuɗi ya zama taswira. Faifan Afirka yana kutsawa ƙarƙashin yankin Girka ta kudancin Kirit, daga nan girgizar 1303 ta fito. Faifan Larabawa yana gogar na Afirka a wata doguwar tsaga da ta taso daga Bahar Maliya ta ratsa Tekun Luɗu ta nufi arewa, kuma a kan wannan layi da rassansa ne Ramla ta rushe a 460 B.H. (1068), Hama a 552 B.H. (1157), da garuruwan Sham a 1202. Can arewa layin ya haɗu da tsagar gabashin Anadol, wadda ta suɓuce ranar 6 ga Fabrairu 2023 ta halaka mutum fiye da 50,000 a Turkiyya da Siriya. Garuruwan da suka sha wuya a ranar, irin su Antakiya da Halab, sunayensu na nan a tsoffin jerin.

Ra'ayin tururi na masana falsafa, wanda ya fi kama da kimiyya a zamaninsa, bai tsira ba. Abin da ya tsira shi ne aikin mai naƙali. Na'urar auna girgiza ta zamani ba ta daɗe da samuwa ba, alhali babbar tsaga kan yi ɗaruruwan shekaru kafin ta sake motsi. Wanda ke son sanin haɗarin wani wuri dole ya nemi shaidar da ta girmi na'ura. Idan marubuci ya ce a gari kaza ganuwa ta faɗi, a gari kaza kuma tukwane kawai suka motsa, masani zai iya zana da'irorin tsanani a taswira ya ƙiyasta tushen girgizar da girmanta. Wannan yana buƙatar kwanan wata da sunan gari da bambancewa tsakanin abin da aka gani da abin da aka ji, kuma su ne abubuwan da ilimin hadisi ya horar da Suyuɗi a kansu. Jerin nasa yana da nasa aibu: adadin mamata da ya kwaso daga magabata sau da yawa akwai ƙari, wani lokaci girgiza ɗaya kan fito sau biyu a shekaru maƙwabta, kuma ya fi sanin Masar da Sham fiye da gefunan duniyar Musulmi. Masu amfani da shi sukan koma ga tushensa, irin su Ɗabari da Ibnul Jauzi da Ibnul Asir, su gwada.

6.0 Ƙarshen Rayuwarsa da Makomar Littafin

Shugabancin Baibarsiyya bai yi masa daɗi ba. Ya nemi rage alawus na mazauna zawiyar da ya ga ba su cika sharuɗɗan waƙafin ba, suka yi masa bore a 903 B.H. (1498), har Ibnu Iyas ya ruwaito cewa sun jefa shi cikin kwatamin alwala da tufafinsa. Da Ɗuman Bai ya hau mulki a 906 B.H. (1501), kasancewar yana goyon bayan abokan hamayyarsa, sai Suyuɗi ya ɓuya har aka tuɓe sarkin bayan ’yan watanni. Ya rasa muƙamin, ya koma gidansa a tsibirin Rauda a tsakiyar Nilu, kusa da tsohon ma'aunin ruwa da aka gina a 861 Miladiyya, inda ake rubuta cikar kogin kowace shekara. Sarki Ƙansuh Gauri ya aika masa da dinari 1,000 da bawa, ya mayar da kuɗin, ya ’yanta bawan. Ya rasu ranar 19 ga Jumada Ula 911 B.H. (Oktoba 1505), aka binne shi a Haushu Ƙausun, shekara 12 kafin Usmaniyawa su ci Masar.

Almajiransa biyu, Shamsuddin Dawudi da Abdulƙadir Shazili, sun ci gaba da ƙara girgizar da ta auku bayansa a ƙarshen littafin. Aloys Sprenger ya fitar da fassarar jerin zuwa Ingilishi a Kalkata a 1843. An buga matanin Larabcin a Fas a 1971, fassarar Faransanci ta biyo baya a Rabat. Nicholas Ambraseys, injiniya masanin girgizar ƙasa, ya fara aiki da littafin tun 1961, kuma yana cikin madogaran kundin da shi da Charles Melville da Robin Adams suka wallafa a 1994 kan girgizar ƙasa a Masar da Jazirar Larabawa da Bahar Maliya. Shekara biyu kafin fitowar kundin, ranar 12 ga Oktoba 1992, girgiza ta kashe mutum fiye da 500 a Alƙahira da kewayenta, ta kuma tsattsaga gine-ginen Mamaliku da yawa.

7.0 Waiwaye ga Mafara da Bakura da Maradun

Ƙasar Hausa tana tsakiyar faifan Afirka, nesa da gefunansa, don haka haɗarinta kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da Sham ko Turkiyya. Amma tsakiyar faifai ma tana da tsoffin tsagogi da kan motsa jefi-jefi. Akara ta girgiza ranar 22 ga Yuni 1939 har aka ji a Legas. A Disamba 1983 girgiza ta kashe ɗaruruwan mutane a arewa maso yammacin Gini, a yankin da ba a san shi da ita ba, kuma gidajen ƙasa ne suka fi rushewa. A Nijeriya an ji motsi a Ijebu-Ode a 1984, a Kwoi ta Jihar Kaduna a Satumba 2016, da Mpape ta Abuja a Satumba 2018.

Yankin da ake magana a kai yana kan wata iyaka ta duwatsu. Daga Maradun zuwa kudu da gabas, ta Maru da Anka, tsohon dutse ne mai tauri wanda ya sha matsa da lanƙwasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Wannan matsa ta bar dogayen tsagogi, cikinsu har da wadda masana ke kira tsagar Anka, kuma ta irin waɗannan hanyoyi ne ruwan zafi ya ratso ya ajiye zinarin da ake haƙa a yau. Daga wajen Talatar Mafara zuwa Bakura da yamma kuwa, dutsen ya nutse ƙarƙashin shimfiɗar yashi da laka ta kwarin Sakkwato. Kusa da wannan iyaka aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, aka kammala ta a 1978, mai ɗaukar ruwa kimanin mita kubik miliyan 450, tare da gonakin rani da garuruwa a ƙasanta. A ko'ina cikin duniya, masu kula da irin wannan gini suna tambayar mene ne motsi mafi ƙarfi da wurin ya taɓa gani cikin ɗaruruwan shekaru. Tashoshin auna girgiza na ƙasa, waɗanda cibiyar da ke Toro a Jihar Bauchi ke gudanarwa, a farkon wannan ƙarni aka kafa su, don haka ba za su iya amsa tambayar su kaɗai ba.

A nan ne aikin ya dawo hannun masu nazarin Hausa da Larabci. Bahaushe yana da al'adar sanya wa shekara sunan abin da ya faru cikinta, kamar yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da ta ’Yar Gusau, kuma masana tarihi sun gina jadawalin fari da yunwa daga irin waɗannan sunaye. Malamai sukan rubuta husufi da annoba da rasuwar manya a gefen littafi ko a shafin ƙarshe. Akwai tarihin masarautun Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun, akwai waƙoƙin fada irin na Sa'idu Faru da magabatansa, akwai rubuce-rubucen da ke Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna, da rahotannin gundumomin Lardin Sakkwato a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. An karanta su don neman tarihin sarauta da jihadi da adabi. Karanta su da tambayar Suyuɗi aiki ne daban, kuma sakamakonsa yana da amfani ko da abin da aka samu shi ne shiru, domin shirun kundin da ya saba rubuta husufi da fari shaida ce ga masanin duwatsu.

Mai irin wannan bincike zai gamu da matsalar harshe tun a matakin farko. Kalmar zalzala a rubutun malaman jihadi sau da yawa tana nufin girgizar ranar ƙiyama ko tashin hankalin yaƙi, kamar yadda mawaƙin fada kan ce ƙasa ta girgiza don zuga ubangidansa. Ana rarrabe ainihin aukuwa ne ta wurin ƙananan bayanai: sunan rana tare da kwanan wata, wanda ke ba da damar gwada lissafin Hijira da na Miladiyya, da lokacin salla da abin ya faru, da ambaton rijiyar da ta ƙafe ko katangar da ta tsage, da samun labarin ranar a wani gari na biyu wanda marubucinsa bai san na farko ba.